Takalmin Soja a Gonakin Kadawa

Ran wata Lahadi cikin watan Maris, muna fitowa daga sujada, sai muka ga yara sun taru a bakin ƙofar majami'a suna ta dariya. Da muka matsa kusa, ashe wani ɗan'uwa ne, saurayi mai noman tumatir, yana tsaye riƙe da ƙasan takalminsa a hannu. Takalmin soja ne baƙi mai walƙiya, ran Juma'a ya sayo shi a gwanjo a birnin Kano. Sau ɗaya tak ya sa shi, daga gida zuwa majami'a, tafiyar da ba ta kai mil biyu ba, ƙasan ya marmashe sai ka ce busasshen ƙuli-ƙuli. Mu ma mun yi dariya, ba za mu ɓoye ba. Amma da muka ji abin da ya biya, kuɗin kwandon tumatir uku, sai dariya ta koma ciki. Matarsa tana tsaye a gefe da goyo, silifar ƙafarta an ɗaure ta da waya, ita kuwa ba ta yi dariya ba ko kaɗan.

Tun daga ran nan muka sa kunne ga zancen takalmi. Mun zauna da shumeka a kasuwa, mun tambayi tsofaffin sojoji da ke cikin ekklisiyarmu, mun kuma ji ta bakin 'yan'uwa masu aikin asibiti. Abin da muka tara ke nan muka kawo muku, gama a ƙasarmu ta Kadawa ƙafa ita ce jarin talaka, wanda ƙafarsa ta kwanta kuwa gonarsa ta kwanta.

Ƙasa mai fuska biyu

Sai mu fara da irin ƙasar da takalmin zai taka. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama ta a 1974. Daga can ruwa yake bin babban kanal, ya ratsa ta Ruwan Kanya, ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Tun kafin a gama Tiga an riga an fara gwajin noman rani a Kadawa da ruwan Bagauda. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka danƙa wa aikin. Kakanninmu, da kaka ta wuce, sai su rataye fartanya, waɗansu su tafi cin rani. Mu kuwa ba mu san wannan hutu ba. Alkama a hunturu, tumatir da albasa har bazara, shinkafa kuma kusan kowane lokaci.

Saboda haka mutumin Kadawa yana taka ƙasa iri biyu a yini guda. Da safe ya bi hanya busasshiya, ƙura har idon sawu, ga ƙarangiya, ga ƙaya, ga tushiyar kara mai kaifi kamar mashi. Kafin hantsi yana tsaye cikin fangali, taɓo ya riƙe masa ƙafa. Da azahar ya koma kan hanyar da ta gasu, a watan Afrilu kuwa zafi yakan kai digiri 40 har ya wuce. Babu takalmi guda a duniya da zai yi wa mutum waɗannan duka. Wanda ya ce maka akwai, sayarwa yake so ya yi.

Ba duka takalman soja ne ɗaya ba

Mu nan, kowane takalmi mai tsawo mai igiya sai mu ce masa takalmin soja. Sojoji kuwa sun san bambanci, domin da ƙafafunsu suka koya. A farkon zamanin Turawa sojojin ƙasarmu ba takalmi suke fareti. Sai a yaƙin duniya na biyu takalmi ya zama ruwan dare a cikinsu, musamman waɗanda aka kai Bama tsakanin 1943 da 1945. Wannan tsohon takalmi fata ne zalla, baƙi, mai nauyi. Shi ne har yau yake ba samari sha'awa, gama yana ɗaukar walƙiya in an goge shi, kuma yana ƙara a ƙasa. Ga faretin Birged ɗin samari a harabar majami'a, madalla. Ga yini cikin rana a bazara kuwa, tanda ce ka ɗaura wa ƙafarka.

Iri na biyu shi ne na kurmi. Sojojin Amurka suka yi ta sa shi a yaƙin Biyetnam cikin shekarun 1960. Wajen yatsu da dunduniya fata ne, wuyansa kuwa ƙyalle mai ƙarfi. An huda masa ƙananan ramuka biyu a gefe domin ruwa ya fita, an kuma sa fallen ƙarfe a ƙasansa saboda tsinin gora da abokan gaba ke kafawa a hanya. Takalmin da ake raba wa matasa masu hidimar ƙasa, shirin da aka fara a 1973, daga wannan siffa aka kwaikwayo shi, ko da yake bai kai shi ƙarfi ba.

A 1990 aka kai sojojin Amurka hamadar Saudiyya, da yawansu da wannan takalmi na kurmi. Nan suka ga aibinsa. Ramukan da aka yi domin ruwa ya fita, ta nan rairayi yake shiga. Ƙarfen da ke ƙasa yana ɗaukar zafin rairayi ya kai wa tafin ƙafa. Baƙar fata kuma tana shan rana. Sai aka gyara, aka fitar da iri na uku, na hamada. Aka cire ƙarfen, aka toshe ramukan, aka yi shi launin ƙasa da fatar da aka juya cikinta waje, wadda ba ta bukatar man goge takalmi. Shi ne wanda kuke gani ruwan ƙasa a rumfunan kasuwa.

To, wanne ne namu? A ganinmu, mutumin da yawancin aikinsa a tudu yake, mai tafiya tsakanin ƙauyuka, mai hawa babur, mai lodin kwanduna a Kwanar Gafan, mai gadi, mai bishara da ke zaga ƙauyuka da ƙafa, na hamada ya fi masa. Ba shi da nauyi, iska tana ratsa ƙyallen, gumi yana bushewa. Wanda yake tsallaka ƙananan hanyoyin ruwa sau da yawa a yini, ƙafarsa tana jiƙewa tana bushewa, na kurmi zai fi yi masa daɗi, gama ba ya riƙe ruwa. Amma a nan akwai magana babba, kada a wuce ta da sauri.

Ruwan kanal da tsargiya

Takalmin ƙyalle, ko na kurmi ko na hamada, ba ya hana ruwa taɓa fata. Ruwan da ke kwance a ƙananan kanal da fangalin shinkafa kuwa shi ne gidan 'yan ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar tana fita daga jikin katantanwa ta yi iyo cikin ruwa, ido ba ya ganinta. Ba sai an sha ruwan ba, ba sai akwai rauni a ƙafa ba, fata lafiyayya take hudawa ta shiga. Bayan watanni sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Mu da muke tare da yara a aji mun san wannan sarai. Yaro yana yawan neman izinin fita, ya rame, ya yi fari, karatu ya gagara. A dā har waɗansu iyaye suna cewa alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ba balaga ba ce, ciwo ne, in an bar shi kuwa yakan lalata mafitsara da ƙoda bayan shekaru. Akwai magani, ƙwaya ce da ake kira praziquantel, ana samunta a asibiti, wani lokaci kuma akan raba ta a makarantu. Sai dai wanda ya sha magani yau ya koma cikin ruwan gobe, ciwon zai komo.

Don haka ranar ban ruwa, ko ranar dashen shinkafa, a ajiye takalmin soja a gindin bishiya, a sa dogon takalmin roba mai kaiwa gwiwa. Mun sani yana da zafi, mun sani taɓo yakan riƙe shi har mutum ya fito da ƙafa ya bar takalmi a baya. Duk da haka shi kaɗai ne yake raba fata da ruwa. Haka kuma ranar feshi. Fata da ƙyalle suna shan maganin ƙwari da na ciyawa, ba ya kuwa fita da wanki, kullum ka sa takalmin gumi zai riƙa jawo dafin zuwa jikinka. Roba kuwa ana ɗauraye ta da sabulu, shi ke nan.

Wannan ya sa muke cewa, in kuɗin gida na takalmi ɗaya ne, kuma mai gida manomin shinkafa ne, na roba zai fara saya. Na soja ya jira kaka mai albarka.

Maciji

Abin da ya fi sa mutanenmu neman takalmi mai tsawo shi ne tsoron maciji, tsoron kuwa yana da dalili. Inda akwai hatsi akwai ɓera, inda akwai ɓera da kwaɗi akwai maciji. Kububuwa ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, ita ce kuwa ta fi kashe mutane a wannan yanki na arewa, dafinta yana hana jini daskarewa. Kasa tana kwance a kan hanya ba ta gudu. Yawancin sara a ƙafa yake samun manomi, daga yatsu zuwa ƙwauri, sau da yawa kuma da asuba ko da almuru, lokacin da ake zuwa duba ruwa. Takalmi mai rufe idon sawu, da wando mai kauri da aka sake a kansa, yana rage hatsari ƙwarai. Ba mu ce yana kawar da shi duka ba. Wuyan ƙyalle bai kai fata tsaro ba, babban maciji kuma yana iya sara sama da inda takalmi ya tsaya. Tocila da sanda suna nan a matsayinsu.

In kuwa abin ya faru, a cire takalmin tun ƙafa ba ta kumbura ba, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure da igiya tamau, kada a tsotsa. Baƙin dutsen nan da aka saba ajiyewa a gidajenmu, har da gidajen masu bi, an gwada shi an ga ba ya zuƙe dafi, lokaci kawai yake cinyewa. A ɗauki mutum kada ya yi tafiya da ƙafarsa, a yi addu'a a kan hanya, a kai shi asibitin da ke da allurar dafin maciji.

Kunama kuma tana son duhun cikin takalmi. Kowace safiya a kife shi a buga a ƙasa kafin a zura ƙafa. A koya wa yara wannan tun suna ƙanana.

A rumfar mai takalmi

Yanzu mu koma ga ɗan'uwanmu na bakin majami'a. Me ya sami takalminsa? Ba asiri ba ne, ba kuwa lalle mai sayarwa ya san zai yi haka ba. Akwai wani irin ƙasan takalmi mai taushi marar nauyi, kamar soso a ciki, da masana'antun Turai suke yi. In ya daɗe a ajiye ba a sawa, laima tana cin sa daga ciki, waje kuwa yana nan kamar sabo. Takalmin da ya yi shekaru a sito a wata ƙasa, ya hau jirgin ruwa, ya zo ya zauna cikin dila, da an taka shi sai ya rushe. A gwanjo, wanda ya fi kama da sabo shi ya fi wannan hatsari. Saboda haka in ka je Ƙofar Wambai ko Sabon Gari, kada kunya ta hana ka. Ka lanƙwasa takalmin da ƙarfi, ka murɗa shi, ka danna farce a gefen dunduniya. In ka ga tsaga, ko ya yi gari, ko yana danƙo a yatsa, ajiye shi ko da kyauta ne. Ka nemi ƙasan roba mai tauri. Ka duba kuma ko an ɗinke ƙasan da saman, ko gam kaɗai ya riƙe su. Zafin kwalta a bazara yana sakin gam marar kyau. In takalmin ya yi maka amma ba ɗinki, kai wa shumeka ya zagaye shi da zare tun kafin ka fara sawa. Kuɗi kaɗan ne, yana kuwa ƙara masa kwana.

Ka zura hannu ciki. Da yawa daga cikin takalman gwanjo don ƙasashen ƙanƙara aka yi su, cikinsu da soso ko gashi mai ɗumi. Waɗansu kuma an sa musu wani lulluɓi a ciki mai hana ruwa shiga, mai sayarwa zai yi ta yabonsa. A ƙasar sanyi abin yabo ne. A nan gumi zai taru, tsakanin yatsu ya yi fari ya ruɓe, ga wari da zai kori mutanen ɗaki. Ciki marar kauri shi muke so. Ka duba harshen takalmin kuma, ya zama an ɗinke gefunansa da jikin takalmin har sama, in ba haka ba ƙura da ƙarangiya za su sami ƙofa.

Mai ƙarfe a baki, wanda ake sa wa ma'aikatan masana'antu, yana da amfani ga makaniken tarakta da mai aiki a injin casar shinkafa, inda abu mai nauyi zai iya faɗowa a yatsu. Ga mai tafiyar ƙasa kuwa kaya ne kawai.

Zancen lamba, kada ka dogara da abin da aka rubuta a ciki, gama lambar Ingila daban, ta Amurka daban, ta sauran Turai daban. Ƙafarka ita ce ma'auni. Ka je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, ka tafi da safar da za ka riƙa sawa. Ka gwada ƙafa biyu, ka ɗaure igiya har sama, ka taka. A bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi, dunduniya kuwa kada ta riƙa zamewa. Mu da muka girma da silifa ko ba takalmi, tafin ƙafarmu yana da faɗi, takalman Turawa da yawa kuwa sirara ne. Mai rumfa zai ce maka, "Alhaji, zai buɗe." Kowa Alhaji ne a bakinsa, kowane takalmi kuma zai buɗe. Fata takan ɗan saki a faɗi, amma ba takalmin da yake ƙara tsawo. Kada kuma a aiki wani ya sayo maka da tsinken kara a matsayin awo, mun ga inda wannan ya ƙare.

Abu ɗaya kuma da tsofaffin sojojinmu suka ja mana kunne a kai. Dokar ƙasa ta hana farar hula sa kayan soja. Takalmi baƙi ko ruwan ƙasa marar tambari ba a cika tanka masa ba, amma mai zanen dabbare-dabbare irin na kakin soja, ko a haɗa takalmin da wando mai wannan zane, neman fitina ne a shingen bincike. Samarinmu su ji wannan.

Bayan an kawo shi gida

Sabon takalmi ba a yini da shi ran farko. A sa shi awa ɗaya ko biyu a gida kwana da kwanaki har ya saba da ƙafa. Kada a sa shi ba safa. Safar nailan mai santsi tana tara gumi, a nemi mai kauri, a kuma mallaki biyu ko uku domin a riƙa wankewa kullum. Da an zauna cin abinci a inuwa, a cire takalmi ƙafa ta sha iska. In ya jiƙe, a cire shimfiɗar ciki, a cusa tsohuwar takarda, a shanya a inuwa. Rana tsaka da bakin murhu suna busar da fata ta tsage. Baƙar fata mai santsi tana son mai, musamman a hunturu, ɗan man kaɗe ma yana yi. Ta ruwan ƙasa kuwa ba a shafa mata kome, buroshi kawai take so in taɓo ya bushe.

Masu ciwon sukari, da waɗanda kuturta ta taɓa kashe musu jijiyar ƙafa, su yi hankali ninki biyu. Ƙafar da ba ta jin zafi ba za ta faɗa maka takalmi yana cin ta ba, tsakuwa tana iya kwana a ciki ta huda tafin ƙafa ba a sani ba. Irin waɗannan 'yan'uwa su duba ƙafafunsu kowace yamma, su nemi shawarar asibiti kafin su sayi takalmi mai tauri.

Sauran mutanen gida

Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 29, ya tuna wa Isra'ilawa cewa shekara 40 suka yi a jeji takalmansu ba su tsufa ba. Mun lura ba a ce na maza kaɗai ba. A gidajenmu na masu bi, mata suna shiga gona sosai. Su ne a dashe, su ne a tsinkar tumatir, su ne a kalar shinkafa, su ne kuma masu wanki a bakin kanal. Maciji ba ya tambaya ko mace ce, tsargiya ma haka. Amma sau nawa muka ga mai gida da takalmi har ƙwauri, uwargida tana biye da shi da faso a dunduniya, yara kuma ƙafa a ƙasa? Tsutsar nan mai shan jini a hanji ma ta tafin ƙafa take shiga yaro, a inda ƙasa ke da laima ana kuma bayan gida a fili. Kuɗin takalmin soja guda mai kyau yakan isa a sayi na roba biyu, a ƙara da kambas na yara. Kafin a tafi birni, a zauna da uwargida a yi lissafin ƙafafun da ke gidan. Zumuntar mata kuma tana iya sa wannan cikin adashinta, a sayo da yawa a tare, gama sari ya fi sauƙi.

Ɗan'uwan nan namu bai jefar da takalminsa ba. Saman yana da kyau, fata ce ta gaske. Ya kai wa shumeka a Kura, aka kankare ragowar ƙasan, aka yanko masa sabo daga tsohuwar tayar mota aka ɗinke. Ya yi nauyi, walƙiyar ma ta tafi, amma rani biyu ke nan yana sawa. Da ya sayar da albasarsa a bara ya sayo dogon takalmin roba ƙafa biyu. Ƙaramin, lamba 38, na matarsa ne.